Fina-finan soyayyar mace da mace na Tailan: ƙarfinsu da rauninsu

A watan Nuwamba na 2022 wani kamfani a birnin Bankok mai suna IdolFactory ya fara sakin fim mai dogon zango da ya kira GAP, a tashar Channel 3 da kuma YouTube. Labarin bai da wuyar faɗi. Mon budurwa ce da ta samu aiki a kamfanin Sam, wata jinin sarauta mai ɗaure fuska wadda ta girme ta da shekara 8, sai soyayya ta shiga tsakaninsu. Kashi 12 ne kacal, amma an kalle shi sau ɗaruruwan miliyoyi, kuma jaruman biyu, Freen Sarocha da Becky Armstrong, suka wayi gari ana kiran sunansu daga Manila har Brazil. Tun daga nan kamfanonin Tailan suka yi rububin wannan kasuwa da suke kira GL, wato soyayyar mace da mace.

Na san yadda wannan magana ke sauka a kunnen mai karatunmu. Addininmu da al'adarmu ba su amince da ita ba, dokar Najeriya ta 2014 ma ta haramta auren jinsi. Ni dai sana'ata nazarin fim, kuma gutsattsarin waɗannan fina-finai sun riga sun cika TikTok, suna faɗowa cikin wayar yara da manya ba tare da sun nema ba. Gara uwa ta san mene ne, daga ina ya fito, kuma wa ke cin ribarsa, da a ce ta ji labarinsa a bakin wanda bai taɓa kallo ba.

Tailan ba da mata ta fara ba. Fina-finan soyayyar maza da maza ne suka share hanya, daga Love Sick a 2014, zuwa SOTUS a 2016, zuwa 2gether da ya yi tashe lokacin kullen korona a 2020. Na mata kuwa, duk da fim ɗin Yes or No ya yi kasuwa tun 2010, masu zuba jari sun daɗe suna ganin ba zai kawo kuɗi ba, sai dai a saƙala 'yan mata biyu a gefen labarin maza. GAP ne ya ƙaryata su. A 2024 kaɗai aka samu fina-finai irin su 23.5 da Pluto daga kamfanin GMMTV, The Secret of Us daga Channel 3, ga Blank, ga Affair, ga The Loyal Pin. Duk wannan ya zo daidai da lokacin da majalisar ƙasar ta amince da dokar auren jinsi, wadda ta fara aiki ranar 23 ga Janairun 2025, karo na farko a Kudu maso Gabashin Asiya.

Abin da ya fara burge ni a matsayina na mai nazari shi ne mace ce ke riƙe da labarin daga farko har ƙarshe. A tsofaffin wasannin talabijin na Tailan, jaruma takan zama abin tausayi da wani attajiri mai zafin kai zai wulaƙanta, daga baya a ce wai so ne. A nan kuwa Fahlada ta The Secret of Us likita ce da ke duba marasa lafiya, May ta Pluto lauya ce da ta rasa ganinta amma ba ta rasa kaifin hankalinta ba, Sam kuma ita ke ɗauka da korar ma'aikata. Kyamara na tsayawa a kan fuskar mace tana tunani, ana ba ta lokaci ta yi shiru, ta yi fushi, ta yanke shawara. Lingling Kwong, a The Secret of Us, takan yi wasa da ido kaɗai ta isar da abin da wani zai ɓata shafi guda yana faɗi. Wannan ƙwarewa ce ta gaske, ko mutum ya yarda da jigon ko bai yarda ba.

Sannan sun iya rikicin gida. Babbar abokiyar gabar Sam ba kishiya ba ce, kakarta ce, tsohuwar da ta raine ta, wadda ta riga ta zaɓa mata miji. Sam na son kakar, tana jin nauyinta, tana tsoron ɓata mata rai. Duk wanda ya tashi da karanta littattafan soyayya na Kano ya san wannan ciwo na 'yar da aka matse tsakanin biyayya da abin da zuciyarta ke so. A ganina wannan ne ya sa fina-finan suka ratsa ƙasashen Asiya da Latin Amurka fiye da takwarorinsu na Turai, domin a cikinsu iyaye na da nauyi, kuma ba a fita daga gida a buga ƙofa a ce shi ke nan. Yawancinsu kuma da farin ciki suke ƙarewa, saɓanin tsofaffin fina-finan duniya da suka saba kashe irin waɗannan mata ko haukatar da su kafin a rufe labule.

Ta fuskar ado ma ba laifi. The Loyal Pin, labarin gimbiya Anin da Pin a gidan sarauta na tsakiyar ƙarnin da ya wuce, ya nuna tufafin gargajiya da kayan zaƙi na fada da kyau sosai. Ma'aikatar kasuwanci ta Tailan ce ta mara masa baya don tallata kayan ƙasar, wanda ke nuna cewa gwamnati na kallon abin a matsayin haja, kamar yadda take kallon shinkafarta da muka sani a kasuwanninmu.

To a nan ne matsalar take, kuma a nan nake so in daɗe. Abin da kamfani ke sayarwa ba labari ba ne, jaruman biyu ne. Ana haɗa 'yan wasa biyu, a narka sunayensu su zama ɗaya, FreenBecky, LingOrm, MilkLove, sannan a saki fim ɗin a matsayin talla. Kuɗin gaske na zuwa daga baya: tikitin taron ganawa da masoya a ƙasashe daban-daban, kwangilar tallan man shafawa da kayan sha, hotuna, riguna, gayyata zuwa bikin nuna tufafi a Paris. Idan haka ne, marubuci ya zama ɗan rakiya. Shi ya sa sau da yawa za ka ga labari ya tashi da ƙarfi, ya kai tsakiya ya fara jan ƙafa, a cika shi da kallon juna a hankali da waƙa a bayan fage, sannan a kashi na ƙarshe a warware komai cikin gaggawa. Uwar da ta yi watanni tana gaba sai ta sauko cikin minti biyar. Ana tsaka da kuka kuma jaruma ta ɗauko kwalbar abin sha ta juya tambarin ga kyamara.

Rikicin kansa yakan zama na ƙarya. Rashin fahimtar da magana ɗaya za ta kashe sai a ja shi kashi uku. Hatsarin mota, tagwaye masu musanya matsayi, tsohuwar masoyiya da ta dawo daga ƙasar waje, namiji mugu da ba shi da wani hali sai mugunta. Wani ɓangare na dalilin shi ne rijiya ɗaya ake ɗiba: GAP da Blank da Pluto da Affair duk daga littattafan marubuciya guda aka ɗauko su, Chao Planoy. Tana da basira wajen ƙulla zarge, amma dabarunta na maimaita kansu, kuma tana son haɗa mai ƙarfi da mara ƙarfi. Shugaba da ma'aikaciyarta a GAP, tazarar shekara 16 a Blank. Fina-finan na shafa wa wannan rashin daidaito zuma, ba sa tsayawa su tambayi ko ƙaramar na da ikon cewa a'a. Kishi mai tsanani da bin diddigi ma ana nuna su kamar shaidar ƙauna, kuma yawancin masu kallon matasa ne.

Akwai kuma Tailan ɗin da ba a gani. Kusan kowace jaruma fara ce sol, siririya, mai dogon gashi, tana zaune a katafaren gida a Bankok. Ba ka ganin 'yar manomin shinkafa daga yankin Isan, ba ka ganin mai aikin masana'anta ko mai sayar da abinci a bakin titi. Hatta matan da ke aske gashi su sa kayan maza, waɗanda Yes or No ya sa ɗayarsu a gaba tun 2010, an ture su gefe saboda ba su dace da tallan kayan kwalliya ba. 23.5 ya ɗan bambanta, domin Ongsa ɗaliba ce mai kunya da gilashi, mai ɓoyewa a bayan sunan bogi a Instagram, kuma rayuwar makarantar ta yi kama da gaskiya. Irinsa kaɗan ne.

Abin da ya fi damuna shi ne halin da jaruman ke shiga bayan an kashe kyamara. Ana so su ci gaba da wasan a filin jirgi, a dandalin taro, a shafukansu, su riƙe hannu, su bar masoya cikin shakku ko abin da gaske ne. Wasu masoyan sukan ɗauka sun mallake su. A 2023 wani ya ɗauki bidiyon Freen a ɓoye, ya kutsa cikin rayuwarta ta sirri ya watsa, kuma ita da aka zalunta ce ta fito gaban 'yan jarida tana ba da haƙuri. Yarinya ce mai shekara ashirin da 'yan kai a lokacin. Kamfanonin da suka gina arzikinsu a kan wannan ruɗani ba su da niyyar warware shi, domin ranar da masoya suka daina zato, tikitin taro zai daina ƙarewa.