Tsafe Ko Chafe? Darasi Kan Rumbun Bayanai

Rumbun bayanai ma'aji ne a cikin na'ura mai ƙwaƙwalwa, inda ake jera bayanai layi-layi domin a samo su cikin hanzari. To, amma na'ura ba ta san gari ba, haruffa kawai take gani.

Tsofaffin taswirori sun rubuta Tsafe da sunan Chafe. Idan wani ma'aikacin lafiya ya rubuta Tsafe, wani kuma Chafe, sai na'ura ta ɗauka garuruwa biyu ne, ta raba adadin majinyata gida biyu. A lokacin annoba, kamar sanƙarau da ya ɓarke a Zamfara a ƙarshen 2016, irin wannan kuskure yana iya ɓoye inda cuta ta fi tsananta, allurar rigakafi ta tafi wani wuri.

Maganinsa shi ne mai kula da rumbu ya ba kowace daga ƙananan hukumomi 14 na jihar lambarta, a riƙa zaɓa daga jeri maimakon rubutawa. Kafin kowane gyara kuma, ya adana kwafi.

Ɗalibai, ku gwada da rajistar ajinku: ta hanya nawa aka rubuta sunan Muhammadu?