Yauƙin Banɗaki da Burushin Injin Huda

Duk wanda ya taɓa zura hannu cikin randar da ta kwana biyu ba a wanke ba, ya san santsin nan da ke jikinta. Santsin nan mazauni ne na ƙananan halittu, wato bakteriya, waɗanda suka manne wuri guda suka lulluɓe kansu da wani yauƙi da suke fitarwa. Irinsa ne ke tsakanin tayil ɗin banɗaki. Haka ma jan tabon da kan fito a bakin magudanar ruwa, wanda galibi aikin wata ƙwaya ce mai suna Serratia marcescens.

Tun a 1683 wani mutumin Holan, Antoni van Leeuwenhoek, ya kankaro dattin haƙoransa ya duba a madubin ƙara girma, ya ga halittu suna motsi. Ya kuma lura cewa ruwan khal na kashe na waje ne kawai, na can ciki kuwa ko a jikinsu. To, wannan shi ne dalilin da ya sa a kan kwarara bilic a banɗaki, bayan mako guda santsi ya dawo. Sai an farfasa yauƙin da gurza kafin magani ya isa ga masu shi.

A nan ne burushin da ake ɗaurawa a bakin injin huda katako yake da amfani. Injin kan juya shi sau ɗaruruwa a minti guda, abin da hannu da soso ba za su iya ba, ya kuma shiga lungunan tayil.

Sai dai mai karatu ya lura da kyau. Burushi mai gudu yana fesa ruwan dattin cikin iska, ɗigo-ɗigo ƙanana da ido ba ya gani, mutum ya shaƙa ko su faɗa masa a ido. Saboda haka a sa injin a ƙaramin gudu, a buɗe taga, a sa tabarau da takunkumi. Ni dai ban yarda a kai shi cikin masai ba ko kaɗan. Na biyu, burushi mai tauri, balle na waya, yana karce roba da kwanon wanka, kuma kowane karce sabon maɓoya ne ga bakteriya. Mai laushi ya wadatar a nan. Mai tauri sai siminti.

Injin ya kasance mai batir, domin wayar lantarki da jiƙaƙƙen daɓe na iya kashe mutum. A fara gurzawa da sabulu, a ɗauraye, sannan a zuba bilic a bar shi kamar minti 10. Kada a haɗa bilic da ruwan wankin masai mai asid, don haɗin yana fitar da iskar kulorin mai ƙona huhu.