Yadda Mai Ciwon Huhu Ke Son Likita Ya Yi Masa Magana

Idan aka tambayi Bahaushe "Ya jiki?", amsar ɗaya ce: "Da sauƙi." Haka zai ce ko da ya tsaya sau uku yana haki tsakanin ƙofar asibiti da ɗakin likita. Ladabi ne da godiya ga Allah, kuma babu laifi a cikinsa. Sai dai likitan da ya rubuta "da sauƙi" a kati ya kira na gaba bai ji komai ba tukuna. A ciwon huhu mai daɗewa, wannan rashin ji yana da tsada, domin ciwo ne da rabin maganinsa ke hannun maras lafiya, kuma abin da zai yi da hannun nasa ya dogara ne ga abin da aka gaya masa da yadda aka gaya masa.

Babba a cikin irin waɗannan cututtuka ita ce wadda likitoci ke kira COPD, wato toshewar hanyoyin iska na huhu. Hanyoyin suna kumbura su ƙuntace, majina ta taru, ƙananan jakunkunan iska su saki, sai fitar da numfashi ya zama aiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cutar ta kashe mutum miliyan 3.23 a shekarar 2019, ta zo ta uku a jerin abubuwan da suka fi kisa a duniya. A ƙasashe masu arziki taba sigari ce ke jawo fiye da kashi 70 cikin ɗari na masu ita. A ƙasashe irin namu kason taba bai wuce 30 zuwa 40 ba, hayaƙin itace da gawayi da kara a ɗakin girki yana da babban hannu, ga kuma tabon da tarin fuka kan bari a huhu bayan an warke. Abin da ya lalace ba ya dawowa. Ana dai rage gudun cutar, a sassauta numfashi, a hana tashin da kan kai mutum gadon asibiti, musamman lokacin ƙurar hunturu.

Abu na farko da masu wannan ciwo ke roƙo shi ne a bar su su gama magana. A 1984 wasu likitoci biyu a Amurka, Howard Beckman da Richard Frankel, sun naɗi ganawar likitoci da marasa lafiya, suka tarar cewa a matsakaici daƙiƙa 18 kacal ake yi kafin likita ya katse mai bayani. To ina ga wanda numfashinsa ba ya isa ya kai ƙarshen jimla sai ya huta? Shirun da ya yi na neman iska ne, amma sai a ɗauka ya gama. Tambayar da ke buɗe bakinsa kuwa ita ce wadda ta shiga cikin yininsa: "Baba, kana iya kaiwa masallaci ba ka tsaya ba?" "Hajiya, a tsaye kike sallah ko a zaune? Wa ke miki shara yanzu?" A nan ne dattijon da ya ce da sauƙi zai faɗi cewa tun damina bai leƙa gona ba, kuma a jingine yake kwana. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, amma sai mai tambaya ya nuna yana da lokacin gani.

Sai maganar suna. Mutane da yawa sukan yi shekaru ana ce musu "sanyi ne" ko "ƙirji ne", wasu a ce asma, su koma gida da tunanin abin zai wuce kamar mura. A Hausa ma akwai wani tarko: kalmar fuka tana nufin asma a bakin wasu, tarin fuka kuma wata cuta ce dabam mai yaɗuwa. Matar da ta ji an ambaci huhu da tari za ta iya komawa gida ta ware kwanonta, ta daina ɗaukar jikokinta, alhali ciwonta ba ya kama kowa. Jimla ɗaya daga likita za ta raba ta da wannan kaɗaici: "Mama, wannan ba a ɗaukarsa, ki ci abinci da iyalinki." Haruffa huɗu na Turanci, wato COPD, ba za su yi mata wannan aiki ba. Tana so a ce mata hanyar iskar ce ta matse, hayaƙin shekaru ne ya jawo, ba ya warkewa tas amma ana zama da shi. A faɗi sassan nan biyu tare, domin wanda ya ji "ba ya warkewa" kawai zai watsar da magani, wanda kuma aka ɓoye masa zai yi ta yawo daga wannan kemis zuwa wancan mai magani yana neman abin da babu.

Ga mai shan taba, abin da ya fi ƙona rai shi ne zargi. Ya riga ya sani, ya ji daga matarsa da 'ya'yansa, yana kuma faɗa wa kansa duk daren da tari ya hana shi barci. Kunyar nan kan sa ya jinkirta zuwa asibiti, ko ya rage yawan karan da yake sha idan an tambaye shi. Akwai hanyar faɗin gaskiyar da ta fi faɗa amfani, kuma an gwada ta. A Hertfordshire ta Ingila an auna huhun masu shan taba 561 da suka haura shekara 35, da na'urar nan da ake hura wa iska, wadda asalinta ya koma ga John Hutchinson a 1846. Rabinsu aka ba su lambar awon yadda take. Sauran rabin aka juya musu ita zuwa shekarun huhu, wato a ce wa ɗan shekara 50 huhunsa na aiki kamar na ɗan 70. Sakamakon ya fito a mujallar likitocin Birtaniya a 2008: bayan shekara ɗaya, kashi 13.6 cikin ɗari na waɗanda aka gaya wa shekarun huhunsu sun bar taba, a ɗaya ɓangaren kuwa kashi 6.4. Awo ɗaya ne, bambancin yana ga harshen da aka faɗe shi. Likita yana da albishir na gaskiya da zai haɗa da shi, domin tun 1977 Charles Fletcher da Richard Peto, bayan bin diddigin ma'aikata maza a Landan na shekara takwas, suka nuna cewa barin taba yana rage saurin lalacewar huhu ko da an makara.

Ita kuwa matar da ba ta taɓa riƙe sigari ba, cewa "ki guji hayaƙi" bai isa ba idan itace ne kawai abin girkinta. Shawarar da za ta iya bi ita ce a fitar da murhu fili, a yi amfani da busasshen itace, wani ya karɓe ta wajen hura wuta, a nemi murhu mai rage hayaƙi ko gas idan da hali. Irin wannan magana ta fi kyau a yi ta a gaban maigida ko babban ɗa, tunda su ne za su kawo canjin.

A ganina, babu inda maganar likita ta fi zama magani kai tsaye kamar wajen abin shaƙa, wato inhela. An fara sayar da irin na fesawa a 1956, amma har yau yawancin masu riƙe da shi ba su iya shi ba. Wani nazari da aka buga a 2016 ya tattara binciken shekara 40 a kan mutane fiye da 54,000, ya samu kashi 31 cikin ɗari ne kawai ke yin sa daidai, kuma adadin bai inganta ba a tsawon lokacin. Wani bai girgiza ba, wani bai fitar da iska ba kafin ya ja, wani ya fesa kafin ya fara shaƙa sai maganin ya tsaya a maƙogwaro. Daga nan sai ya ce ba ya aiki. Idan aka tambaye shi "Ka gane?" zai ce ya gane, don kara. Abin da ke aiki shi ne a miƙa masa a ce, "Yi in gani yadda kake yi a gida," a gyara, ya sake. A bambanta masa na kullum da na lokacin da numfashi ya sarƙe. A kuma taɓo abubuwan da ke ransa da ba zai fara faɗa ba. Da yawa na tsoron cewa wanda ya fara shaƙa ba ya iya dainawa, ko kuma alamar an zo ƙarshe ce. Babu gaskiya a duka biyun. Wasu kan ajiye shi da rana a watan azumi. Malamai sun yi saɓani a kan wannan, manya irin su Shaihu Ibn Baz da Shaihu Ibn Usaimin sun tafi a kan cewa irin na fesawa ba ya karya azumi, kuma ya fi kyau a tattauna tun cikin Sha'aban.

Magana mafi nauyi ita ce ta abin da ke gaba. Wannan cuta ba ta tafiya a miƙe. Mutum zai kwanta rai a hannun Allah, ya tashi, ya yi wata shida lafiya lau, ya sake faɗuwa. Saboda haka likitoci kan yi ta ɗage zancen. A birnin Siyatil na Amurka, J. Randall Curtis da abokan aikinsa sun tambayi marasa lafiya 115 da ke rayuwa da iskar oksijin, kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai suka ce sun taɓa tattauna irin kulawar da suke so a ƙarshen rayuwa da likitansu. Marasa lafiyar sun yaba wa likitocin wajen saurare da amsa tambaya, suka rage musu maki a kan zancen sauran lokaci, da yadda ƙarshen kan kasance, da abin da ya shafi imani. A Ingila kuma, wani bincike na shekarar 2000 ya kwatanta masu wannan ciwo 50 da masu sankarar huhu 50. Na farkon sun fi shan wahala a rayuwar yau da kullum, amma ko ɗaya daga cikinsu bai samu kulawar ƙwararrun rage raɗaɗi ba.

Ba kowa ke son jin komai ba, kuma wannan haƙƙinsa ne. Wani zai ce a gaya masa duka, wani zai ce a yi magana da ɗansa, wani yau ba ya so gobe yana so. Hanyar sani ita ce a tambaye shi: "Malam, kana son mu yi maganar yadda ciwon zai iya tafiya, ko mu bari sai wani zuwan? Wa kake so ya zauna tare da mu?" Musulmin da ya san ajali na hannun Allah ba kwanan wata yake nema ba. Yana so ya san ko ya shirya wasiyya, ko zai iya tafiya Umara, kuma sama da komai ko zai mutu ne yana neman iska. Wannan tsoro yana da amsa: akwai zaman jingina gaba da hannaye a kan gwiwa, akwai fitar da numfashi a hankali ta tsukakken baki, iskar fanka ko mafici a fuska tana sassautawa, kuma idan abin ya tsananta likita na iya ba da ɗan ƙaramin awo na mofin. Ya kamata duk wanda ke kwana kusa da shi ya ji wannan bayani, a kuma rubuta musu alamomin da idan an gani za a kama hanyar asibiti ko da tsakar dare ne: majina ta sauya launi, leɓe ya yi shuɗi, ko magana ta fara rikicewa.