Bushiya da Naman Kaza a Dajin Falgore: Rukuninsu da Matsayin Kiyaye Su

Dabbobi masu jakar goyo, irin su kangaru, ba su a Afirka. Mazauninsu Ostareliya da Niyu Gini da nahiyar Amurka. Saboda haka wannan maƙala ta ɗauki bushiya a madadinsu, ta gwama ta da naman kaza mai tsirowa a kan suri, domin duka biyu sanannu ne a dajin Falgore, cikin ƙasashen Tudun Wada da Doguwa.

Bushiya, watau Atelerix albiventris, dabba ce mai shayarwa ta dangin Erinaceidae. Ƙayar jikinta kan sa a ɗauke ta 'yar'uwar beguwa, alhali beguwa dangin ɓera ce. Naman kaza kuwa an daɗe ana lissafa shi cikin tsirrai, har R. H. Whittaker ya ware wa jinsinsa rukuni na kansa a 1969. Ba ya haɗa abincinsa da hasken rana, kuma bincike na baya ya nuna ya fi kusa da dabba bisa ga tsiro. Ashe Bahaushe bai yi nisa da gaskiya ba da ya kira shi nama. Na kan suri shi ne Termitomyces, wanda Roger Heim ya raɗa wa suna a 1942. Gara ce ke noma shi a cikin suri, tana tara masa ciyawa da itace, shi kuma yana narka mata su. Da saukar damina sai ya huda ƙasa ya fito.

Wajen kiyayewa ne bambancin ya yi tsanani. Ƙungiyar IUCN ta gama auna kusan dukkan dabbobi masu shayarwa tun 2008, ta sa bushiya cikin waɗanda ba a fargabar ƙarewarsu. Amma sai a 2025 adadin ire-iren dangin naman kaza da ta auna ya kai 1,300, daga cikin wajen 155,000 da aka sani; 411 suna fuskantar barazana.

A ganinmu, rashin suna a wannan jeri ba shaidar tsira ba ce. Bushiya tana iya zama a gefen gona ko bayan gari. Termitomyces ba shi da rayuwa sai da gara, gara kuwa sai da suri da busasshen itace. Duk inda aka sare daji don gawayi, aka rushe suri don faɗaɗa gona, kamar yadda ake gani daga Kiru da Bebeji har bakin Falgore, shi ne zai riga bushiya ɓacewa.