Dashe Ba Ya Wuya, Raino Ne Ke Gagarar Mu

Duk shekara idan damina ta sauka sai a kafa rumfa, a jera kujeru, a miƙa wa manyan baƙi shebur, kowa ya dasa tsiro ɗaya ana tafi. Je ka duba wurin a watan Afrilu. Galibi ramuka za ka tarar da ɗan kejin da iska ta kayar, awaki sun gama da sauran. Tsiro yana buƙatar ban ruwa da kariya na rani biyu ko uku kafin ya tsaya da kansa, kuma a nan ne ake rasa mai shi: babu kuɗinsa a kasafi, babu wanda za a tuhuma idan ya mutu.

Wasu na ɗaukar bishiyar cikin gari a matsayin ado. Ba ado ba ce. Kwalta da siminti da kwanon rufi suna shan zafin rana duk yini, da dare su sako shi, shi ya sa tsakiyar gari ke kwana da zafi alhali ƙauyen da ke gefensa ya huce. Bishiya tana hana rana dukan ƙasa, ganyenta yana fitar da danshin da ke sanyaya iska, tana tare ƙurar hunturu, ƙasar da ke gindinta kuma tana shanye ruwan sama. Wanda ya bi titunan Nassarawa a Kano da azahar, sannan ya shiga Kurna ko Fagge, ba ya buƙatar ma'aunin zafi. Abin takaicin shi ne inuwar ta taru inda ake da janareta da na'urar sanyaya ɗaki, ta ƙaurace wa ɗan garuwa da mai tura baro da matar da ke jiran Adaidaita Sahu da goyo a baya.

Hukuma ta taɓa yin wannan aiki, kuma ya yi kyau. Dogon yaro, ko darbejiya, baƙo ne daga Indiya. Zamanin Turawa aka kawo shi, aka jera shi a titunan Maiduguri, har ya zama alamar garin. A Yamai an fara dasa shingen bishiyoyi a kewayen birnin tun 1965, ya kai kusan hekta 2,500. Amma da birnin ya bunƙasa sai aka riƙa yanka shi fuloti-fuloti, babban kaso ya koma gidaje. An dasa, an raina, ba a tsare filin ba.

Darasin da ya fi burge ni daga gonakin Maraɗi da Damagaram ya fito. Tun shekarun 1980 manoma suka rungumi sassaben zamani, wato barin tohon gawo da sauran itatuwa a gona ana yi musu aski maimakon a sare. An ƙiyasta bishiyoyi miliyan 200 a kan hekta miliyan 5. Ba motocin raba tsiro suka yi wannan ba. Manomi ne ya samu tabbacin cewa itacen da ya raina nasa ne, jami'in gandun daji ba zai ci shi tara a kansa ba. Mai shago a birni ma haka yake: a damƙa masa bishiyar ƙofar shagonsa a rubuce, a sassauta masa wani abu a harajin ƙaramar hukuma, ka gani ko za ta bushe.

A Najeriya Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta sanya filayen birane a hannun gwamna, saboda haka ba sai an jira Abuja ba. Hukumar Babbar Ganuwar Bishiyoyi da aka kafa a 2015 hankalinta ya fi karkata ga kwararowar hamada a jihohi 11. Cikin gari aikin jiha ne da hukumomin tsara birane irin su KNUPDA ta Kano. Abin da ya kamata mu nema wurin 'yan majalisar jiha ba shi da sarƙaƙiya. Kwangilar titi ta haɗa da dashe, kuma a riƙe wani kaso na kuɗin ɗan kwangila sai bishiyoyin sun ketare rani biyu. Kada a sare tsohuwar tsamiya ko maɗaci ba da izini ba, domin inuwar shekara hamsin ba a maye gurbinta da tsiro goma. Takardar izinin gini ta tilasta barin wani yanki na fuloti babu siminti.

Sai kududdufai, waɗanda ba a cika kawo su cikin wannan zance ba. Daga cikinsu aka haƙi ƙasar da aka gina tsohon birnin Kano, su ne kuma ke karɓar ruwa idan an yi mamako. An cike da yawa da shara an gina shaguna, ruwan da ya rasa masauki ya koma ɗakunan mutane a watan Agusta. Waɗanda suka rage a auna su, a sa su a taswirar hukuma, a haramta ba da takardar mallaka a kansu, sannan a zagaye bakinsu da itatuwa.