Shin babban murhu ya fi ɗumama gida? Gaskiya da ƙarya kan murhun itace a ƙasashen sanyi

Tun shekarar 2022, lokacin da yaƙin Rasha da Yukiren ya sa kuɗin gas da na lantarki suka yi tashin gwauron zabo a Turai, kasuwar murhun itace ta sake buɗewa. A Jamus sai da itacen wuta ya yi tsada, masu girka murhu kuma aiki ya yi musu yawa. A Kanada da Norwe da Finlan da arewacin Amurka kuwa, dama ba su taɓa rabuwa da shi ba. Murhun da ake nufi a nan akwati ne na ƙarfe mai ƙofar gilashi, da 'yan kafofin iska da ake buɗewa ko a rage, da bututun da ke fitar da hayaƙi ta saman rufi. Aikinsa ɗumama gida a wuraren da sanyi ke kaiwa digiri 20 ko 30 ƙasa da sifili.

Shawarar da ta fi yawo tsakanin masu saye ita ce: «Sayi babba ka huta. Babban murhu yana karɓar ƙaramar wuta, amma ƙarami ba ya ɗaukar babba.» Maganar tana da daɗin ji, kuma akwai ƙanshin gaskiya a cikinta, shi ya sa take da wuyar kashewa. Ga abin da ya tabbata da abin da bai tabbata ba.

Iƙirari na 1: Gwargwadon girman murhu, gwargwadon jin daɗin gida

Hukunci: Ƙarya ne.

Da kilowat ake auna ƙarfin murhu. Shi ma gida yana da nasa lissafin, wato yawan ɗumin da ke tsere masa ta bango da rufi da tagogi da kafofin ƙofa a ranar da sanyi ya fi tsanani. Murhun da ya dace shi ne wanda ke mayar wa gida abin da yake zubarwa. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Masu girka murhu a Birtaniya suna da lissafin farko mai sauƙi: kilowat 1 ga kowane kubik mita 14 na ɗaki. Falo mai tsawon mita 6, faɗin mita 5, tsayin mita 2.4 ya zama kubik mita 72, don haka murhu mai kilowat 5 ya ishe shi. Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ita ma ta ba da nata awon: murhu mai kusan kilowat 12 yana ɗumama fili mai murabba'in mita 120, mai kusan kilowat 18 kuma yana ɗaukar gida mai murabba'in mita 185. Daga nan sai a duba gidan kansa. Tsohon gini mai taga gilashi ɗaya da bangon da ba a cusa masa abin tare sanyi ba zai buƙaci ƙari. Sabon gini mai gilashi ruɓi biyu ko uku kuwa, ƙasa da haka ma ta ishe shi.

Wanda ya kafa murhu mai kilowat 12 a wancan falon ba ya daɗewa sai ya gane kurensa. Ga dusar ƙanƙara a waje, ga shi a ciki da singileti yana gumi, ya wangale taga. Itacen da ya saya da tsada titi yake ɗumamawa. Idan ya gaji da buɗe taga, sai ya koma ga dabara ta gaba, wadda ta fi haɗari.

Iƙirari na 2: Idan zafi ya yi yawa, ai sai a rage iska

Hukunci: Ƙarya ne a yawancin murahu, kuma nan ne ɓarnar take.

Itace ba ya bin umarnin maɓalli. Da zarar ya ɗau zafi sai ya fara fitar da hayaƙi, kuma kaso mai yawa na ƙarfin itacen a cikin wannan hayaƙin yake. Kafin hayaƙin ya kama da wuta yana buƙatar iska da zafin da ya kai kusan digiri 600. Shi ya sa murahun zamani suke da jerin ƙananan huji a saman akwatin, masu feso iska mai zafi. Idan murhu na aiki yadda ya kamata, ta gilashi za ka ga harsunan wuta suna wasa a can sama, nesa da itacen. Hayaƙin ne ke ci.

'Yar ƙaramar wuta a cikin ƙaton akwati ba ta iya kai shi wannan zafin, balle idan an toshe mata iska. Sai itacen ya turnuƙe, hayaƙin ya haye bututu bai ƙone ba. Idan zafinsa ya sauka ƙasa da kusan digiri 120, sai ya daskare a jikin bututun ya zama kwaltar hayaƙi. Da farko kunkunniya ce mai laushi, daga baya ta zama ɓawo mai ɓarewa, a ƙarshe ta koma baƙin danƙo mai sheƙi wanda buroshi ba ya cirewa. Wannan kwalta makamashi ce. Ranar da aka hura babbar wuta tana iya kamawa, bututun ya ɗau ruri, zafinsa ya haura digiri 1,000, ya tsaga ginin ko ya kunna katakon rufi. Alamar farko a gaban ido take: gilashin ƙofa da ya yi baƙi ƙirin a dare ɗaya yana gaya wa mai gida abin da ke taruwa a sama.

Hayaƙin da ya fice kuma maƙwabta ne ke shaƙa. Garin Fairbanks na jihar Alaska misali ne. Da sanyi, iska mai sanyi takan kwanta a kan garin ta hana hayaƙi tashi, har a shekarar 2009 hukumar kare muhalli ta Amurka, EPA, ta sa yankin cikin wuraren da ƙurar hayaƙi ta wuce ƙa'ida, kuma murahun itace na kan gaba a cikin dalilan. Hukumar ta fara kafa wa murahu iyaka tun 1988, kuma daga watan Mayun 2020 sabon murhu bai kamata ya fitar da ƙurar da ta wuce giram 2 zuwa 2.5 a awa ba. Norwe ta wajabta murahu masu ƙone hayaƙinsu tun 1998, Tarayyar Turai kuma ta tsaurara nata dokokin daga Janairun 2022. Sai dai ko murhun da ya ci jarrabawa, idan aka shaƙe shi, hayaƙi zai yi.

Akwai togiya guda. Wasu murahun suna da wani faifai mai ramuka irin na saƙar zuma, da aka shafe da ƙarfe mai daraja, wanda ke sa hayaƙi ya kama tun a kusan digiri 260. Irin wannan murhu, ko da babba ne, ana iya rage masa iska ya yi ta ci a hankali ba tare da turnuƙewa ba. Amma ya fi tsada, faifan yana lalacewa bayan wasu shekaru, kuma ƙona shara ko katako mai fenti yana kashe shi da wuri.

Iƙirari na 3: Babban murhu ne ke kai wuta har asuba

Hukunci: Gaskiya ne.

A nan masu son babba suke da hujja. Kilo ɗaya na busasshen itace yana ɗauke da ƙarfin da ya kai kusan kilowat 4 na tsawon awa ɗaya, kuma murhu mai kyau yana ba ɗaki kashi 70 zuwa 80 cikin 100 na wannan. Akwatin da ke ɗaukar kilo 4 kacal, idan gida na buƙatar kilowat 4, cikin awa uku ya gama. Wanda ke ɗaukar kilo 10 zai kai kusan awa takwas, a tashi da safe a tarar da garwashi. Babu dabarar da za ta sa ƙaramin akwati ya ba da ɗumin itacen da bai ɗauka ba. Saboda haka babban gida a karkarar Kanada, wanda itace ne kaɗai abin dogaronsa, babban murhu yake buƙata, kuma ba almubazzaranci ba ne.

Mutanen arewacin Turai sun daɗe da warware matsalar ta wata hanya. A 1767, da ƙarancin itace ya dami Suwidin, aka ɗora wa Carl Johan Cronstedt da Fabian Wrede aikin inganta murhu. Suka fito da murhun gini wanda hayaƙi ke zagayawa ta doguwar hanya a cikin bulo kafin ya fita. Ana hura masa wuta mai ƙarfi ta awa ɗaya ko biyu, bulon ya sha zafin, ya riƙa sakinsa a hankali rabin yini ko fiye. Irinsa ne ake ginawa da dutse a Finlan, da bulo a Rasha, da tayil a Jamus da Ostiriya. Nauyinsa yakan wuce tan ɗaya, don haka sai daɓen da zai iya ɗauka. Girmansa a jiki yake, wutarsa kuwa kullum mai tsabta ce.

Iƙirari na 4: Babban murhu ɗaya ya ishi dukan ɗakuna

Hukunci: Ya danganta da fasalin gida.

Ɗumi sama yake hawa, ba ya bin lungu. Gidan da falo da kicin suke haɗe, murhu na tsakiya, matakala a buɗe, yana iya wadatuwa da murhu ɗaya. Gidan da ɗakunansa ke jere a dogon baranda kuwa, ƙara girman murhu falo kawai zai gasa, ɗakin ƙarshe na nan da sanyinsa. Abin da ya fi taimakawa shi ne ƙaramar fanka a ƙasa, tana tura iska mai sanyi zuwa wajen murhu, mai ɗumi ta maye gurbinta ta sama.

Girma kuma da nasa kuɗin yake zuwa. Yawancin murahu bututu mai faɗin santimita 15 suke buƙata, wasu manyan kuwa sai 20. A Ingila, murhun da ya wuce kilowat 5 dole a huda masa kafar iska ta dindindin daga waje. A Amurka, murhun da ba shi da takardar gwaji sai an bar kusan santimita 90 tsakaninsa da duk abin da wuta ke ci.

Iƙirari na 5: Babban murhu yana cinye ko ɗanyen itace

Hukunci: Ƙarya ne.

Itacen da aka sare yau kusan rabin nauyinsa ruwa ne, kuma sai wuta ta ƙafar da ruwan kafin ta ɗumama kowa. Ɗanyen itace kusan rabin ɗumin busasshe yake bayarwa, ga tsuwa, ga kumfa a bakin gungumen, ga kwalta. Ƙa'idar ita ce kada danshi ya wuce kashi 20 cikin 100. Itace mai laushi yana buƙatar aƙalla wata shida a faskare, a jere, a rufe samansa. Mai tauri kuwa shekara ɗaya ko biyu. Busasshe ana gane shi da tsagewar bakinsa da ƙarar da yake yi idan an gwara biyu, amma abin da ya fi tabbas shi ne 'yar na'urar auna danshi mai tsinke biyu, a soka ta a fuskar da aka faskara yanzu. Tun watan Mayun 2021 Ingila ta hana sayar da jiƙaƙƙen itace idan bai kai kubik mita 2 ba. Mutane da dama da ke kukan murhunsu ya yi ƙanƙanta, itacensu ne bai bushe ba.

Iƙirari na 6: Tunda murhun a rufe yake, babu abin tsoro

Hukunci: Ƙarya ne.

Duk wutar da ba ta samun isasshiyar iska tana haifar da kabon monoksaid, gubar da ba ta da launi, ba ta da wari. Bututun da ya toshe ko ƙofar da igiyar da ke toshe gefen bakinta ta mutu suna iya dawo da ita ɗaki. Tun 2010 doka a Ingila ta ce duk inda aka kafa sabon murhu sai an sa ƙararrawar da ke sansano ta, kuma ana so a duba bututu a share shi aƙalla sau ɗaya a shekara. Wannan gubar ce dai ke kashe mutane a nan gida da hunturu, idan aka shigar da kaskon gawayi ɗaki aka rufe ƙofa da taga aka kwanta. Ciwon kai da jiri da tashin zuciya a ɗakin da wuta ke ci ba abin jira ba ne: a buɗe ko'ina, a fita waje, a nemi asibiti.

Hukuncin ƙarshe

Babban murhu yana da gurbinsa: babban gida, buɗaɗɗen fasali, sanyi mai tsanani, da buƙatar wutar da za ta kwana. A ƙaramin gida ko sabon gini mai riƙe ɗumi kuwa, asarar itace ne da gayyatar gobara. Wanda zai saya ya fara auna ɗakinsa, ya toshe inda ɗumi ke tserewa, ya tanadi itacen baɗi tun bana, sannan ya kira ƙwararren mai girkawa ya duba gidan da idonsa. Murhun da za ka iya hura wa wuta sosai a yawancin kwanakin sanyi ba tare da ka buɗe taga ba, shi ne daidai da gidanka.