Akidar 'yancin mata ta gurguzu

Akidar 'yancin mata ta gurguzu reshe ne na nazarin 'yancin mata, wanda ake kira feminizim. Masu wannan ra'ayi suna ganin danniyar da mata ke fuskanta tana da tushe biyu: fifikon da al'ada ke ba namiji, da kuma tsarin jari-hujja da ke raba mutane zuwa masu dukiya da talakawa. A ganinsu, ba za a warware ɗaya a bar ɗaya ba.

Asali

A shekarar 1792 Mary Wollstonecraft ta Ingila ta wallafa littafin da ke neman a ba mata ilimi daidai da maza. Daga irin wannan tunani ne reshen masu sassaucin ra'ayi ya fito, wanda ya fi mai da hankali kan gyaran doka da 'yancin zaɓe. 'Yan gurguzu sun ce hakan bai isa ba, domin ƙuri'a ba ta ciyar da matar da ba ta da gona ko jari. A 1884 Friedrich Engels ya danganta ƙasƙantar da mata da bayyanar mallakar dukiya da gado. A 1910, a taron mata 'yan gurguzu a Kopenhagen, Clara Zetkin ta Jamus tana cikin waɗanda suka kawo shawarar ware ranar mata ta duniya.

Babbar hujjarsu ita ce aikin gida. Surfe, daka, ɗebo ruwa, girki da reno ayyuka ne da gida da gona suka dogara a kansu, amma ba a biyan lada a kansu, ba a kuma lissafa su cikin arzikin ƙasa. Haka ma sana'ar matan kulle, kamar ƙuli-ƙuli da fura, wadda yara ke kai wa talla.

Bambanci da masu ƙin hukuma

Akwai reshe makusanci, na masu akidar ƙin hukuma, wato anakizim. Sun yarda da sukar jari-hujja, amma sun ƙi a dogara da gwamnati ko jam'iyya, domin a wurinsu ita ma hukuma nau'in danniya ce. Sun fi son mata su haɗa kansu ba tare da shugaba mai iko a kansu ba. Fitattu a nan su ne Emma Goldman, wadda ta rasu a 1940, da ƙungiyar Mujeres Libres da aka kafa a Sifen a 1936.

A Arewacin Najeriya

Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, jagorar mata a jam'iyyar NEPU, ta haɗa gwagwarmayar talakawa da neman ƙuri'ar mata, an kuma ɗaure ta sau da dama. Matan Arewa ba su samu 'yancin zaɓe ba sai a 1976.

Ƙungiyar da ta fi fito da wannan akida fili ita ce Women in Nigeria, wadda aka fi sani da WIN. Ta samo asali ne daga wani taro a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a 1982, kuma Ayesha Imam da Bene Madunagu suna cikin waɗanda suka kafa ta. WIN tana karɓar maza a matsayin mambobi.

A 1996 Ayesha Imam da abokan aikinta suka kafa BAOBAB. Bayan jihar Zamfara ta fara aiki da dokokin shari'a a 2000, wata kotu a Tsafe ta yanke wa wata yarinya hukuncin bulala bisa zargin zina, alhali mazan da ta ambata ba a hukunta su ba. BAOBAB ta nemi ɗaukaka ƙara da hujjoji daga fiƙihu, amma aka zartar da hukuncin a Janairun 2001.

Suka

Wasu malamai suna kallon akidar a matsayin baƙuwa daga Turai. Ƙungiyar FOMWAN, wadda aka kafa a 1985, ta zaɓi neman haƙƙin mata daga cikin koyarwar Musulunci, kamar ilimi, gado da sadaki. Masu bin wannan hanya sukan kafa hujja da Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da tsarinta na 'Yan Taru. Su kuma 'yan gurguzu suna cewa haƙƙin da ke rubuce ba ya isa ga matar da ba ta da kuɗin zuwa kotu.